Ciwon Gwiwa da Ƙugu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Karkarar Kano da Jigawa

A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya a shiga gidan da babu dattijo ko dattijuwa mai kukan gwiwa ko ƙugu, kuma da yawa sun ɗauki abin a matsayin rabon tsufa wanda ba a kai wa asibiti. Cututtukan da ke taɓa waɗannan gaɓoɓi suna da yawa: wasu ana zama da su shekara da shekaru ana lallaɓawa, wasu kuma kwana biyu na jinkiri ya isa su nakasa mutum. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne na gaba ɗaya, ba za su maye gurbin ganin likita ba.

Mene ne yake lalacewa a cikin gaɓar har take ciwo?

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya raba cinya da ƙugu ya ga yadda kan ƙashin yake: fari sol, mai santsi da sheƙi, zaune daram a cikin gurbinsa, ga kuma wani ɗan ruwa mai yauƙi a tsakani. Wannan farin shi ne guringuntsi, kuma irinsa ne a gwiwa da ƙugun ɗan'adam, shi yake hana ƙashi gogar ƙashi a lokacin tafiya. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka idan ya zaizaye ba ya tofowa kamar yadda fata take warkewa. Zafin da mutum yake ji yana fitowa ne daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa, da tantanin da ya lulluɓe gaɓar, da tsokokin da ke kewaye da ita.

Wannan zaizaya ita ce amosanin gaɓɓai mafi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kimanin miliyan 528 ne suke fama da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Alamominsa sanannu ne: ciwon yana ƙaruwa da aiki yana lafawa da hutu, gaɓar tana riƙewa da safe amma ta saki kafin rabin awa, ana jin ƙas-ƙas idan an tanƙwara gwiwa, tashi daga tabarma yana zama sai da dafa ƙasa, kuma a hankali ƙafa tana iya komawa ƙafar baka.

Me ya sa ya fi kama manoma da mata?

Shekaru su ne kan gaba, sai ƙiba, sai tsohon rauni kamar karaya ko mummunan targaɗe da aka samu tun ƙuruciya, sai kuma gado. Bayan waɗannan akwai irin aikin da mutum yake yi. An daɗe da sanin cewa manoma sun fi sauran masu sana'a samun zaizayar ƙugu, kuma yawan tsugunno da durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi suna gajiyar da gwiwa. Mai dashen shinkafa a Kadawa ko fadamar Haɗeja yakan wuni a sunkuye ƙafafunsa cikin laka, mai noman gero kuma daga huɗa zuwa maimai zuwa girbi bai rabu da duƙo ba. Matar da ta ɗauko jarka mai lita 25 daga rijiya ta ɗora wa gwiwoyinta kilo 25 a kan nauyin jikinta, sannan ta dawo ga daka da surfe da girki a tsugunne. Idan mace ta daina ganin al'ada kuma, ciwon gaɓɓai yakan ƙaru kuma ƙashi yakan rage ƙwari.

Sanyi ne yake kawo shi?

Mutane da dama sun shaida cewa ciwon ya fi tsananta a lokacin hunturu ko da asubahin damina, kuma babu dalilin musanta abin da suke ji. Sai dai sanyin gari ba ya cinye guringuntsi, yana dai sa tsoka ta ɗaure mutum kuma ya rage motsi. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi da rufe gwiwa suna kawo sauƙi.

Inda matsalar take shi ne mutum ya tafi kemis ya sayi kafso da sunan maganin sanyi. Waɗannan magunguna na kashe ƙwayoyin cuta ne, ba su yi wa zaizayar guringuntsi komai, kuma shan su barkatai yana sa su daina aiki ranar da ake buƙatar su da gaske.

Yaya ake bambanta ciwon ƙugu da ciwon baya?

Ciwon da ya fito daga gaɓar ƙugu an fi jin sa a matsematsi da gaban cinya, kuma mai shi yakan kasa tanƙwashe ƙafa a zaune, ko ɗaga ta ya hau babur, ko sunkuyawa ya wanke ta wajen alwala. Wanda ya fito daga ƙashin baya kuwa yakan taso daga kwankwaso ya bi mazaunai da bayan cinya har zuwa tafin ƙafa, sau da yawa tare da jin kamar tafiyar kiyashi ko mutuwar wani sashe na ƙafar. Wani abu da ya kamata iyaye su riƙe shi ne cewa cutar ƙugu tana iya bayyana a matsayin ciwon gwiwa kawai, musamman ga yara. Yaron da yake ɗingishi yana nuna gwiwa, alhali gwiwar ba ta kumbura ba, a nemi a duba ƙugunsa.

Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?

Na farko shi ne gaɓar da ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, mai ita ba ya yarda a taɓa ko a motsa ta. Wannan yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar suka tara mugunya, kuma mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Ya fi yawa ga yara, kuma a jariri alamar ba ta wuce ya daina motsa ƙafa ɗaya ya riƙa tsala kuka duk lokacin da aka ɗaga ta wajen wanka ko goyo. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta ba da magani har lokaci ya ƙure. Maganinsa shi ne a fitar da mugunyar a asibiti a kuma ba da allurai ta jijiya.

Na biyu shi ne tsoho ko tsohuwar da ta zame, ko da a banɗaki ne ko a bakin rijiya, ta kasa tashi ta taka. Idan aka kwantar da ita aka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta kuma tafin ya kwanta waje, to akwai yiwuwar wuyan ƙashin cinya ya karye. Irin wannan karaya ba kasafai take haɗewa ba tare da tiyata ba, kuma doguwar kwanciya ita take jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya, waɗanda su ne suke halaka tsofaffi. Kada a ja ƙafar, kada a tilasta mata tsayuwa. A ɗauke ta a kwance a tafi asibiti.

Na uku shi ne ciwon kwankwaso da ya zo da raunin ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko kasa yin fitsarin. Akwai kuma ciwon da yake hana barci ko da ba a yi aiki ba, tare da rama da gumin dare, wanda shi ma bai kamata a bar shi ya yi makonni ba a bincika ba.

Ɗana mai sikila ne, ya fara ɗingishi yana kukan matsematsi. Tashin ciwon ne kamar kullum?

Ba lallai ba ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila, inda ake ƙiyasin ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, kuma ɗaya daga cikin illolinta shi ne toshewar ƙananan jijiyoyin da suke kai jini kan ƙashin cinya. Idan jini ya yanke, wannan sashe na ƙashin yakan mutu a hankali har ya lotsa. Tashin ciwon da aka saba yakan zo ya wuce cikin kwanaki, wannan kuwa yana zama a wuri ɗaya wata da watanni, yana ƙaruwa da tafiya. An fi ganin sa ga samari da 'yan mata, kuma yana kama masu jini nau'in SS da masu SC.

Amfanin ganowa da wuri shi ne ana iya rage wa ƙugun nauyi da sandunan dogarawa, a yi gashin ƙashi na asibiti, wani lokaci a yi ƙaramar tiyata kafin kan ƙashin ya lotsa. Idan ya riga ya lotsa, yawanci sai canjin gaɓa. Hoton ƙashi na farko yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar ta fara, saboda haka idan ciwon ya ci gaba a koma wurin likita. Mutuwar kan ƙashin cinya tana samun wanda ba mai sikila ba ma, musamman wanda ya daɗe yana shan magungunan sitiroyid (irin su deksametason da firednisolon) ko barasa, ko wanda ƙugunsa ya taɓa gocewa a hatsari.

Akwai wasu cututtukan da ke kama gwiwa da ƙugu?

Akwai amosanin da garkuwar jiki take juyawa ta yaƙi gaɓoɓi. Ya fi kama mata, yakan fara da yatsu da wuyan hannu na dama da hagu lokaci guda, kuma riƙewar safe takan kai awa ɗaya ko fiye. Yana da magungunansa na musamman da likita yake bayarwa tare da gwajin jini, kuma fara su da wuri shi yake hana yatsu karkacewa. Akwai wanda yake zuwa saboda taruwar wani sinadari mai suna yurik asid a jini, ya far wa babban yatsan ƙafa ko gwiwa cikin dare da azabar zafi. Ya fi kama maza, kuma yawan cin jan nama da kayan ciki da shan lemon kwalba suna tayar da shi.

Tarin fuka ma yana shiga ƙashin baya da ƙugu da gwiwa ko da mutum ba ya tari, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Makiyaya da masu shan madarar da ba a tafasa ba, ko masu taimaka wa dabba haihuwa da hannu tsirara, suna iya ɗaukar wata cuta daga dabbobi mai kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon kwankwaso da gwiwa. Ya kamata irin waɗannan su gaya wa likita sana'arsu.

Idan na sha haɗin kemis ina samun sauƙi har in yi noma. Mene ne laifinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi. Abin da ake ƙullawa a farar leda a ranar kasuwa, ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban ba tare da kwali ba, sau da yawa ya ƙunshi maganin zafi iri biyu daga dangi ɗaya, kamar diklofenak da ibufurofen ko firoksikam, sannan a ƙara deksametason ko firednisolon, wani lokaci har da taramadol. Babu shakka zafi zai kwanta. Amma dangin diklofenak suna kawo gyambon ciki har ya zubar da jini, suna tayar da hawan jini, suna kuma lalata ƙoda, kuma haɗarin ya fi girma ga tsoho da manomin da yake wuni a rana yana gumi bai sha isasshen ruwa ba. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa. Wanda ya ga bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura, ya dakatar da su nan take ya tafi asibiti.

Deksametason da firednisolon su ne sitiroyid ɗin da aka ambata a sama. Mai shan su kullum fuskarsa takan cika ta yi fam, har 'yan uwa su riƙa cewa ya murmure, alhali maganin yana tayar masa da ciwon suga, yana rage ƙwarin ƙashi, yana kuma iya kashe kan ƙashin cinyar da ake neman yi wa magani. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke su rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali. Taramadol kuwa yana kama jiki har mutum ya kasa rabuwa da shi.

Abin da ya fi aminci a fara da shi a ciwon gwiwa shi ne diklofenak na shafawa, domin kaɗan ne yake shiga jini. Farasitamol yana taimaka wa wasu, kuma babba ba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a cikin awa 24, mai ciwon hanta ko tsoho marar jiki kuma ƙasa da haka. Idan sai an sha dangin diklofenak, to iri ɗaya, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, kuma bisa shawarar ma'aikacin lafiyar da ya auna jinin mutum. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda da mai gyambon ciki su nisance su.

Hutu ya fi ko motsa jiki?

Ga mai zaizayar guringuntsi, motsi yana cikin magani. Wanda ya koma zaman dakali saboda tsoron ciwo tsokar cinyarsa takan rame, kuma idan ta rame gwiwa ta rasa abin da ke tallafe ta. Abin da ake so shi ne tafiya daidai ƙarfi a ƙasa mai laushi ko hawan keke, tare da ƙarfafa cinya. Mutum ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafa ɗaya sambal, ya riƙe ta yana ƙirga biyar zuwa goma, ya sauke a hankali, ya maimaita sau goma a kowace ƙafa safe da yamma. Haka kuma ya riƙa tashi daga bencin yana komawa ba tare da dafa gwiwa ba. Sai an yi makonni kafin a ga amfanin, kuma ɗan ciwon da ake ji a farko ba alamar ɓarna ba ce matuƙar ya lafa kafin washegari.

Ga mai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sanda kuma ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren: idan gwiwar dama ce take ciwo, sanda a hannun hagu, a kuma jefa su gaba tare.

Yaya batun sallah da banɗaki?

Shari'a ta yi rangwame. A hadisin Imrana ɗan Husaini, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi sallah a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Wanda yake iya tsayuwa amma sujada ko zaman tahiya suke gagarar sa ya tambayi malaminsa yadda zai haɗa tsayuwa da kujera. Game da masai, kafinta yana iya yin kujerar katako mai rami a tsakiya da za a ɗora a kai, a kuma kafa wani ƙarfe ko itace a bango don dafawa. Gado mai ɗan tudu ya fi shimfiɗar ƙasa sauƙin tashi, kuma mace tana iya yin wanke-wanke da girki a kan kujera mai tsayi maimakon 'yar tsugunno.

Ɗori da ƙaho da sakiya fa?

Mutanenmu sun san maɗora tun kaka da kakanni, suna kusa kuma kuɗinsu da sauƙi, shi ya sa ake fara zuwa wurinsu. Amma karayar da ta shiga cikin gaɓa, da ta wuyan ƙashin cinya, da gocewar ƙugu, da karayar da ƙashi ya huda fata, duk sun fi ƙarfin kara da tsumma. Ɗaurin da ya yi tsanani yana tsayar da jini har ƙafa ta ruɓe a yanke ta. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi bayan ɗori, ko zafi ya ƙaru maimakon raguwa, a kwance nan take a nufi asibiti.

Tsaga ko sakiya a kan gwiwar da ta tara ruwa hanya ce ta shigar da ƙwayoyin cuta cikin gaɓa, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya yaɗa ciwon hanta. Ƙaho ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye.

Ina za a je, kuma sai an yi hoto?

A fara da asibitin da ke kusa, ko cibiyar lafiya ta matakin farko ko babban asibitin ƙaramar hukuma kamar na Bichi, Wudil, Rano, Gumel, Ringim, Kazaure ko Haɗeja. Dattijon da alamominsa suka nuna zaizaya ƙarara ba lallai sai an yi masa hoto ba, domin abin da hoto yake nunawa ba koyaushe yake daidai da zafin da ake ji ba. Hoto da gwajin jini suna zama dole idan an faɗi, ko akwai zazzaɓi, ko mai ciwon yaro ne ko mai sikila, ko ana tunanin tiyata. Masu buƙatar ƙwararru ana tura su Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Jigawa kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse. A tafi da takardar turawa, da tsofaffin hotuna, da duk magungunan da ake sha har da na gargajiya da ƙullin kemis.

Allurar cikin gwiwa tana warkarwa?

Allurar sitiroyid da ake yi a cikin gaɓa tana kwantar da zafi na wasu makonni, ba ta gyara zaizayar, kuma ba a son a wuce uku ko huɗu a shekara a gaɓa ɗaya. Likita ne kaɗai ya kamata ya yi ta, haka ma zuƙe ruwan gwiwa, cikin tsafta sosai.

Yaushe ake kaiwa ga tiyatar canjin gaɓa, kuma mutum yana komawa aikinsa?

Ana maganar ta ne idan ciwon ya hana barci da tafiyar kusa kamar zuwa masallaci, kuma an gwada motsa jiki da rage nauyi da magani na watanni ba a dace ba. Ana cire sashen da ya lalace a sa na ƙarfe da roba mai ƙwari, kuma ana yin wannan aiki a Kano, ciki har da asibitin Dala. Aikin yana da tsada, don haka iyali su nemi cikakken lissafi tun da wuri, har da kuɗin gashi na bayan tiyata, su kuma bincika abin da shirin taimakekeniyar lafiya na jiharsu yake ɗauka da abin da ba ya ɗauka. Kafin a shiga sai an daidaita hawan jini da suga, an kuma magance duk wani gyambo ko ruɓaɓɓen haƙori, mai sikila kuma yana buƙatar shiri na musamman game da jininsa.

Yawanci ana tayar da mutum ya taka cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan ya yi makonni da sandunan dogarawa. Alƙaluman ƙasashen da suka daɗe suna bibiyar masu wannan aiki sun nuna cewa kusan gwiwa 8 cikin 10 da ƙugu 6 cikin 10 suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Tafiya da kasuwanci da kula da gona suna yiwuwa, amma tsugunno har ƙasa da durƙuso sukan yi wuya, kuma ba a ba da shawarar komawa huɗa da garma ko ɗaukar buhu. Manomin da yake tunanin yin aikin ya tattauna wannan da likitansa da 'ya'yansa kafin a sa rana, kuma idan likita ya ga babu gaggawa, a daidaita ranar da bayan girbi domin a samu mai jinya a gida.